Kazar Kaka ta Ƙarshe

Shekaranjiya maƙwabta suka ƙona tsohuwar ciyawar ɗaki a bayan katanga, hayaƙin ya shigo mini ta taga. Na ajiye tsintsiyar da ke hannuna na zauna. In ka tashi a gidan da ake kiwon kaji, ka san wannan warin. Shi ne warin akurki ranar da aka kwashe shimfiɗarsa aka cinna mata wuta saboda ƙuma.

A wani ƙauye kusa da Taba na tashi, a ɗakin kakata ta wajen uba. Abin da zan ba ka labari ya faru shekara biyu ko uku bayan samun mulkin kai, ina da kamar shekara tara. Kaka tana da kaji irin nata na daban, masu gajerun ƙafafu, launinsu wake-wake. Uwarta ce ta ba ta ta farkonsu lokacin da ta baro Furana, kuma tun daga nan irin bai yanke ba. Duk 'yar da ta bar gidanmu zuwa nata gidan sai an ɗaure mata guda a kwando. Ni ma an ce tawa tana nan tafe.

Aikin kajin tare muke yi. Da safe in watsa musu dusa da tsakin dawa. Da yamma mu cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karan masara, mu yayyafa ruwa, mu kifa ta a bakin shuri. Washegari sai mu ɗauko ta cike da gara, mu zazzage wa 'yan tsaki. Kaka ba ta yarda a zuba musu ruwa a kasko mai zurfi ba, kuma in shirwa ta gilma tana da wata guɗa da take yi, kajin duk su ruga ƙarƙashin rumbu.

A sanyin shekarar nan ciwon kaji ya shigo ƙauyenmu. Kaza za ta tsaya ta saki fukafukai, wuyanta ya murɗe, kafin azahar ta faɗi. Kaka ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta daka barkono ta zuba a ruwansu, ba abin da ya tsaya. Kullum sai na ɗauki biyu ko uku na kai bayan gari. Da ciwon ya wuce, kaza ɗaya ce ta rage a gidan, wata tsohuwa mai ɗingishi. Zakara kuwa sai da aka aro daga rugar Fulani.

Da bazara tsohuwar kazar ta yi ƙwai goma sha ɗaya, ta kwanta a kansu. Kaka ta gyara mata gurbi a cikin akurki, ta zuba toka a ƙasa, ta shimfiɗa sabuwar ciyawa. Kowace safiya takan ɗaura ƙulli ɗaya a wani zare don kada lissafin kwanakin ya ɓace mata. Ƙulli sha biyar ke jikin zaren aka aiko cewa ƙanwarta ta rasu a Furana.

Tana ɗaura kaya ta kira ni. Ta ce, “Ruwa da tsaki kawai, 'yar nan. Kada ki taɓa ƙwan, kada ki bar kowa ya taɓa.”

Na ce to.

Kwana biyu da tafiyarta zafi ya tsananta. Na leƙa akurki na ga kazar ba ta zauna lafiya ba, sai tsattsage jikinta take yi da baki. Na sa hannu kusa da gurbin, kafin in janye ƙuma sun hau ni har gwiwar hannu. Sun yi baƙi a gefen idonta, tukkunta ya koɗe. Ta tashi daga kan ƙwan ta daɗe a waje, ta koma, ta sake tashi. Na san abin da Kaka ke yi in haka ta faru: a ɗauke ƙwan, a ƙona ciyawar, a shafa wa kazar man shanu a fuska. Amma an ce kada in taɓa ƙwan. Na je wajen innata, ta ce ita ba ta shiga sha'anin kajin tsohuwa.

Baffana, ƙanen babanmu, shi ya same ni ina kuka a bakin akurki. Mutumin kirki ne, yana noman auduga. Ya shiga ɗakinsa ya fito da wani gwangwani mai rubutun boko, wanda ya sayo a kasuwar Makarfi don tsutsar gonarsa. A ciki akwai farar hoda mai hawa kai.

Ya ce, “Wannan ba ƙwaron da yake bari. Barbaɗa kaɗan, ba sai kin taɓa ƙwan ba.”

Kaɗan ya ce. Ni ce na ga kaɗan ba zai isa ba. Na barbaɗa a ciyawa, na ɗaga fukafukanta na zuba, na ƙara a bayanta har ta yi fari. Kafin la'asar ƙuma sun mutu, kazar ta kwanta ta natsu. Na yi ta murna, ina ta shirya yadda zan gaya wa Kaka.

Da safe na kai mata tsaki na tarar da ita a kan ƙwan, wuyanta a miƙe a ƙasa, bakinta a buɗe. Ta sandare.

Ranar nan da azahar Kaka ta dawo, ƙafafunta sun kumbura da tafiya. Ba ta ko sha ruwa ba ta nufi akurki. Ta ɗaga kazar, ta shinshina gashinta, ta dube ni. Na buɗe baki zan yi magana, ta ce, “Ɗora mini ruwa, kada ya yi zafi.”

Ta goge ƙwan ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Ta sa su a ƙwarya cikin ruwa mai ɗumi, muka tsuguna muna kallo. Takwas suka tsaya cik. Uku suka ɗan motsa. Ta tsame su ta shanya da gefen zaninta, ta kara ɗaya a kunnena.

“Riƙe numfashinki. Kin ji?”

Na ji. Wani ɗan ƙwanƙwasa ne, kamar ana taɓa ƙofa da farce.

Ta naɗe ukun a auduga, ta ɗaure su a cikinta da ɗankwali. Kwana biyu tana zaune a kan tabarma ba ta sunkuya ba. In za ta yi salla sai ta kwance ta ɗaura mini, in zauna kamar gunki har ta idar. Masu zuwa yi mata gaisuwar rasuwa suna ganinta a haka, ba wanda ya yi dariya.

A rana ta uku ɗaya ya huda. Muka ga ɗan baki yana buɗewa yana rufewa. Ya yi ta fama tun hantsi, Kaka ta ɓare masa ɓawon kaɗan da farce, ta hura masa iska. Ya fito rabi, jiƙe, wake-wake kamar uwarsa, sannan ya daina motsi. Sauran biyun muka kara a kunne har muka gaji, ba mu ƙara jin komai ba.

Kaka ba ta taɓa yi mini faɗa ba, ba ta kuma taɓa tambayata ko wa ya ba ni hodar ba. Baffa ya sayo mata kaji biyu don ya wanke laifinsa, ta yi godiya ta ba innata su. Da damina akurkin ya rushe, aka shuka kabewa a wurin. Bayan shekara uku Kaka ta rasu.

Na nemi irin kajin nan. Na aika Furana, na tambaya a kasuwar Ikara, aka ce can ma ciwon bai bar su ba. Yanzu na girmi Kaka a shekaru. Surukata tana kiwo a bayan gidan nan, amma a kwali ake kawo mata 'yan tsakin, inji ne ya ƙyanƙyashe su, kuma ko sun girma ba sa kwanci. Jikokina ba su taɓa ganin kaza ta fito da 'ya'yanta ba. Har yau na iya gane ƙwai mai rai in na kara shi a kunne, sai dai ba wanda ya taɓa kawo mini ko ɗaya in saurara.