Uwar da Metir Hamidu ya ba ni gyara

Sanusi ya soke mini uwa. Da jan biro ya soke ta, a gaban mutane, a rumfar Nomau mai shayi da ke bayan tashar Konni, bai ko ce in yi haƙuri ba. Da wannan zan fara, don in na fara da yabon mamaci kamar yadda ake yi a jarida zuciyata za ta huce, ni kuwa ban shirya hucewa ba.

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Metir Hamidu, Allah shi jiƙan shi. Malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mishi Metir, mutumin Badagishiri, aiki ya kawo shi Konni. Ni Idi ɗan kabu-kabu ne, a aji shida karatuna ya tsaya, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya miƙe shi da kanshi. Abin da ya haɗa ni da Metir wasa ne. E, wasa, da furfurata a gemu. Na sani.

Wani Bature mai aikin rijiyoyi wajen Illela ne ya tashi ya bar kwali. Cikin kwalin akwai littafi na Faransanci wanda gara ta ci kusan rabinshi, da wasu ƙwayoyi irin na lido, har da mai fuska ashirin. Metir ya kwashe. Wasan ba shi da allo, ba shi da kati. Mutum guda ke riƙe da labari, a wurinmu Metir, shi ne alƙali, shi ne dodo, shi ne sarki da mai gadin sarki. Sauran kowa ya ƙera mutum nashi a takarda, jarumi ko boka ko ɓarawo ko maharbi, ya shiga da shi cikin labarin. In ka ce za ka sari dodo sai ka jefa ƙwaya, ita za ta faɗi ko ka same shi ko ƙafarka ka sara. Duk Juma'a bayan la'asar muke zama. Da aka kai ƙara wai caca muke yi, limamin unguwa ya aiko ƙanenshi ya duba. Ya zauna har kusan magariba, ya koma ya ce ba caca ba ce, don a caca ko banza mutum guda na tashi da riba, mu kuwa duka asarar kuɗin shayi muke yi.

Inda gara ta ci, Metir da kanshi yake cikawa, kuma bai taɓa ɓoye mana ba. Mu ko tambaya ba ta ƙare mana. Nomau ya ƙera boka, ya tambaya ko bokan nashi na iya zuwa Makka. Metir ya buɗe littafi, ya yi kamar mai dubawa, ya ce yana iya zuwa, amma aljaninshi zai tsaya a iyaka don ba shi da takardu. Akwai wasu mutane cikin littafin masu dogon kunne, wai suna shekara ɗari bakwai ba su mutu ba. Isa tela ya so ya ɗauki ɗaya, sai ya tambaya ko duk shekarun nan lanho, wato haraji, zai yi ta biya wa gwamnati. Da aka ce mishi e, ya fasa, ya ɗauki wada maƙeri. Sai gardama ta tashi ko wada na iya hawan raƙumi shi kaɗai. Juma'a guda muka kashe a kan wannan. Aka yanke cewa hawa yana iyawa, sauka ce sai an taimaka.

Ranar da na ƙera nawa ba zan manta ba. Abu shida ake jefa wa ƙwaya: ƙarfi, zafin nama, juriya, sani, hankali da farin jini. Ƙwaya ukku ake jefawa, mai babbar sa'a ya samu sha takwas. Na hura hannu na jefa wa ƙarfi, na samu huɗu. Hankali biyar. Farin jini ukku, wanda ƙasa da shi babu. Nomau ya ce ƙwayar nan ta san ni. Na zo da niyyar maharbi mai suna Gagara-Gasa, kafin in buɗe baki rumfa ta raɗa mishi Sha-Kaye, sunan kuma ya bi shi har yau.

To Metir na da doka guda wadda ba ta cikin littafin kowa. Ya ce ko mai awon hatsi a kasuwar Badagishiri ba ya sallamar mutum ba gyara, balle mai awon mutane. Saboda haka in ƙwaya ta gama nata, kowa ya roƙi gyara, abu ɗaya. Nomau ya roƙi butar da shayinta ba ya ƙarewa. Isa ya roƙi tsani, saboda raƙumi. Ni ina cike, na ce ban so, a bar ni da tsiyata. Metir ya dube ni ta saman tabarau, ya jawo takardata ya rubuta layi ɗaya a ƙasa.

"Kai gyaranka uwa," in ji shi. "Tana da rai, tana ƙauye, kuma ta sa maka albarka."

Ƙa'idarta ita ce, sau ɗaya a zama, in Sha-Kaye ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri, sai in ce "Inna, albarkarki," in sake jefa ƙwaya. Amma da sharaɗi. Duk tafiyar da ya dawo sai ya fara biyawa gidanta da tsaraba kafin ya taɓa ko dala cikin ganima. Metir ne ke yin muryarta. Ya ƙanƙance murya, ya karkace baki, ya ce, "Sha-Kaye, haka za ka tahi wurin dodo ba ka sa komi cikinka ba?" Ta sha aikena sayen daddawa a kan hanyar kogon aljannu. Ta hana ni auren ɗiyar sarkin ruwa, wai ba ta san asalinsu ba. Ran da na kawo mata kan dodo tsaraba, cewa ta yi ina za ta kai wannan, ba ta da tukunyar da za ta ɗauke shi. Rumfa ta yi ta dariya har masu jiran motar Tawa su matso su ji.

Ni kuwa ina goye mahaifiyata ta rasu. Ko hotonta babu. A gidan baffana na tashi, an ci da ni an sha da ni, ban ce an cuce ni ba, amma ba wanda ya taɓa tambayata ko na ci kafin in fita. Metir ya sani, don na sha kai shi Badagishiri a bayan babur, hanya kuwa tana sa mutum magana. Bai taɓa tada zancen a rumfa ba, ni ma ban tada ba. Hausawa sun ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Ni rashin uwa ya sa na yi ta takarda, kuma wallahi ta fi wasu masu numfashi amfani.

Da damina Metir ya kwanta, ciwon bai daɗe ba ya cika. Wasa ya mutu shekara guda kafin Sanusi ya ɗauki riƙon labari. Sanusi ɗan wan Metir ne, ya yi karatu mai zurfi, yana aikin cika takardun kaya kusa da duwan, wato kwastan, mutumin da in ka gaishe shi sai ya duba ko gaisuwar na da tambari. Ban ƙi shi ba da farko. Muryar Inna dai bai iya ba, sai ya ce "uwarka ta karɓi tsaraba" kamar mai yanka rasit, amma ya bar ta. Mun yi shekaru a haka.

Ina yawan tambayar kaina abin da Metir zai ce in ya leƙo Konni yau. Iyaka ta rufe ta buɗe, naira ta koma abin da ake ɗauka a buhu a sayo abin da ake sawa a aljihu, matasa sun sunkuya kan waya suna harbin juna ba mai kallon fuskar wani. Ina jin duk wannan dariya zai yi, ya ce Nomau ya ƙara sukari. Abin da ba zai yi wa dariya ba shi ne wayar Sanusi. Watan jiya ya samo littafin nan cikakke a cikinta, sabon bugu, babu inda gara ta taɓa. Ya zo rumfa yana ƙyalli kamar sabon ango, ya ce ashe shekara da shekaru wasan banza muke yi, kowa ya kawo takardarshi a sake ƙira bisa ƙa'ida.

Ashe boka ba ya samun aljani sai ya kai mataki kaza. Ashe masu dogon kunne ba su biyan lanho, Isa ya yi ta salati yana juyayin shekarun da ya yi a wada a banza. Aka karɓe butar Nomau aka ba shi tsafin wuta, ya karɓa hannu biyu, ko kunya. Da aka zo kaina Sanusi ya karanta layin da Metir ya rubuta, ya yi murmushi, ya ce babu uwa a littafi. Akwai takobi, akwai sulke, akwai jaki, kowanne da farashinshi, uwa kam babu. Na ce gyara ne. Ya ce nan ba kasuwa ba ce. Ya ja jan biro. Sannan don ya rufe mini baki ya ce sabon tsari ya ba ni maki in raba yadda nake so, Sha-Kaye na iya samun ƙarfi sha shida.

Na zauna na buga a haka, don kada a ce babba ya yi fushi kan takarda. Sha-Kaye ya zama ƙato. Dodon da ya shekara yana korata, kibiya biyu na sakar mishi ya faɗi. Aka kwashi zinariya. Na ce to, mu biya ƙauye. Sanusi ya ce wane ƙauye, babu shi a taswira, mu wuce birni. Muka wuce birni. Aka sayi sulke, aka sayi doki, ba wanda ya tambayi Sha-Kaye ko ya ci abinci. Na ajiye ƙwaya na tada babur, shayin ma ban shanye ba, kuma ban sake komawa ba.

Matata ta ce in ji kunya, mutum da ƴaƴa shida yana zaman makokin tsohuwar da ba a taɓa haihuwa ba. Na ce mata mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo. Ta ce to ɗakin ma na yoyo, in hau in toshe.

Mutane za su ce abin da Metir ya bari shi ne yaran da ya koyar. Ga su nan ofis-ofis, wasunsu ko gaisuwa ba su yi. Katangar gidanshi ta fara zubewa, littafin kuma gara ta ƙarasa shi. Ni abin da na ga ya rage nashi shi ne halin nan na duban mutum ya gane inda awonshi ya gaza, ya cika mishi bai kunyata shi ba. Bai ba Nomau uwa ba, Nomau na da tashi har yau tana zaginshi. Ni kuma bai ba ni buta ba. Wannan ba a samun shi a waya, ko kati na nawa ka zuba mata.

Ranar Lahadi aka yi addu'ar shekara a Badagishiri. Bayan an shafa, ana rabon masa, Sanusi ya matso kusa da ni. Ya ce Baba Idi an yi kewarka a rumfa, ya kuma yi tunani, zai iya ƙara wa Sha-Kaye farin jini in dai zan dawo. Na ciro tsohuwar takardata daga aljihu, jan layin na nan bisa rubutun baffanshi. Na buɗe mishi ita a gaban mutane, tunda a gaban mutane ya soke.

Na ce, "Sanusi, riƙe ƙarfinka, riƙe farin jininka, ka fi ni bukatar shi. Mayar mini da huɗuna da ukkuna. Uwar nan ba kai ka ba ni ba, baffanka ya ba ni, ga shi can kwance bayan gari. In karɓewa kake so, tahi can ka karɓa wurinshi. Ran Juma'a ina zuwa da ita. Kuma ka koyi muryarta kahin nan, don shekara bakwai ke nan ba ta tambaye ni ko na ci ba."