Dashbod Daga Ɗakin Kaza

Motar da na gada daga mahaifina ta girme wa ɗana na fari nesa ba kusa ba. Rana ta gasa dashbod ɗinta, wato allon robar nan na gaban direba, har ya tsage daga wajen sitiyari zuwa ɗaya ƙarshen. Na yi abin da masu tsofaffin motoci ke yi a Birnin Gwari: na sayi kafet mai gashi na shimfiɗa a kai, na ɗora hula da carbi. Tsaga ta ɓuya, ni ma na manta da ita.

Ashe ƙara buɗewa take yi a ƙarƙashin kafet, har gidan mita ya zurma ciki, wayoyi suka tsinke, allurar da ke nuna zafin inji ta mutu. Ban ankara ba sai ranar da nake dawowa daga Dogon Dawa, inji ya tafasa a tsakiyar daji ba sallama. Na tsaya ina jiran ya huce, ba mota gaba ba mota baya, ko ganye ya motsa sai in waiwaya. Duk wanda ya san hanyar nan ya san abin da nake tsoro.

A watan ne likita ya sa wa Inna, mahaifiyata, ranar cire yanar ido a Kaduna. Ta daɗe ba ta gane mutum sai da murya. Ƙafafunta ba sa jure cunkoson motar haya, don haka ni zan kai ta, cikin ayarin motocin da ke tashi da safe da rakiyar jami'an tsaro. Ayari kuwa ba ya jiran wanda motarsa ta tsaya.

Makanikena ya leƙa ya ce, "Malam, a ɗaure da waya a mai da kafet, lafiya lau za ta kai ka."

Na ce, "Kafet ɗin ne ya kusa kai ni lahira. Wani dashbod nake so."

Ya ce irin wannan mota saura guda a garin, ita ma gawa ce, tana bayan gidan Mama. Mama tsohuwar malamar asibiti ce, 'yar kudancin Kaduna, motar kuwa ta marigayi mijinta ce, an ɗora ta kan duwatsu, ba taya ba gilashin gaba. Amma dashbod ɗin garau, don inuwar mangwaro ta kare shi.

Mama ta ce, "Ka ɗauka, Malam, me zan yi da shi? Amma ba yanzu ba." Ta buɗe ƙofar fasinja. Ga kaza tana kwanci daidai ƙarƙashin dashbod, tana hararata. "Shekaranjiya ta hau. Kaza mai kwanci ba a tashinta, sai ta bar ƙwan. Ka bari ta ƙyanƙyashe."

Kafin ta ƙyanƙyashe ranar Inna ta wuce. Na ce, "Mama, in na cire ban tashe ta ba fa?"

Ta yi dariya har da riƙe ƙofa. "In ta tashi, kai za ka kwanta a kan ƙwan."

Makanike ya ce shi da guduma ya saba, ba zai iya lallashin kaza ba. Ya ara mini sukudireba, ya nuna mini inda kusoshi ke ɓoye. Na kwanta rigingine a kujerar direba, kaina ƙarƙashin sitiyari, ina kwancewa a hankali kamar mai cire ƙaya. Na ɓangarena suka fita lafiya. Sauran suna saman kan kaza.

Ina miƙa hannu ta sare ni. Wallahi na ji haushi, ni da gemuna kaza na dukana, amma ban janye ba. Na gwada naɗe hannun da tsumma, kusoshin suka ƙi kamuwa, na kwance tsumman. Tana sara ina murzawa, jini na bin tsintsiyar hannuna, har na ƙarshe ya faɗo. Ni da makanike muka zaro dashbod ta inda gilashi yake a da. Kaza ko gezau. Makanike ya ɗora shi a motata, ya haɗa wayoyi, allura ta dawo aiki. Kafet ɗin ma na kai wa Mama ta shimfiɗa wa 'yan tsaki.

Ranar tafiya allura ta soma hawa muna tsakiyar daji. Wannan karon na gani. Na sassauta, na lallaɓa har shingen jami'ai, na zuba ruwa, muka kamo ayari.

A hanyar dawowa an riga an buɗe wa Inna ido. Tana gaba kusa da ni, tana ta kallon bishiyoyi. Can sai idonta ya sauka kan hannuna a kan giya.

"Kai, wa ya yi maka wannan ɓarna a hannu?"

"Kaza ce, Inna."

Ta duba tabon ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗora tafinta a kai, ba ta ɗauke ba har muka fita daga dajin.