Hatimin Silifa

Wata ranar Asabar a daminar 1998, bayan an ɗauke ruwan hantsi, Baba ya shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu da ke Tudun Wada a Gusau, ya karanta mana takardar sharuɗɗan biza kamar mai jan baƙi. Malamin labarin ƙasa ne a wata sakandare. Shekara goma sha biyar yana nuna wa yara teku da tsinin sanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce gulbin Bungudu ba, sai ga gayyata zuwa kwas na wata uku a wata ƙasar Turai. Takardar ta ce ana son fasfo mai sauran rai, da hoto biyu, da wasiƙar masu gayyata, da katin rigakafi, da tikitin zuwa da komowa. A can ƙasa kuma ta nemi shaidar cewa mai tafiya zai dawo.

Inna, mahaifiyarsa, wadda ta zo mana daga Bungudu da buhun maiwa, ta dakata da tsinkar zogale ta ce, "Wane irin gari na wanga, da baƙo ka rantsuwa za shi tahi tun bai yi sallama ba?" Baba ya yi dariya, ya ce haka tsarinsu yake. Ni dai, ina 'yar shekara tara, sharaɗin ƙarshen nan ne ya tsaya mini a rai. Ban taɓa sanin ana tafiya a ƙi dawowa ba sai da takarda ta gaya mini.

A lokacin iyakar duniyata Tsafe ce, inda muke zuwa gaida gwaggo. Na ɗauka Turai tana bayan duwatsun can, wuri ne mai sanyi kamar cikin randa, inda ƙanƙara ke sauka a hankali kamar ana tankaɗen gari. In ina share tsakar gida ko ina kai wa awaki dusa, sai in ga Baba yana tafe cikin farin garin nan da babbar rigarsa, yana ƙanƙancewa har ya ɓace.

Cikin mako guda na buɗe nawa ofishin a gindin darbejiya. Yaran maƙwabta suka bar langa da 'yar gala-gala suka shiga layi, kowa da fasfonsa na kwalin sukari. Madafa ce Makka, turken awaki Turai, zaure kuwa bakin iyaka. Hatimina tauraro ne da na sassaƙa da reza a jikin tsohon silifa, tawadata shunin wankin Inna. Tambayata ɗaya ce, ko za ka dawo. Wanda ya yi jinkirin amsa sai ya koma bayan layi. Na yi mulki da tsanani, kuma ban taɓa karɓar ko gyaɗa ba.

Ana jibi zai tafi Legas ganawa da masu bizar, Baba ya bar koren fasfonsa a kan akwatin rediyo ya tafi masallaci. Na ji Inna na cewa wasu na kwana uku a layi a hana su. Sai na ga bai kamata mutumin da 'yarsa ke da ofishi ya sha wannan wahala ba. Na buɗe shafi mai tsabta, na danna tauraro har sau biyu don ya fito sosai, na rubuta da biro a ƙarƙashi: An yarda, amma ya dawo kafin a yanke gero.

Da ya gani ya kira ni. Bai ɗaga murya ba, ya dai tambaye ni ko aikina ne, na ce nawa ne. Fasfon da aka ɓata ba ya shiga ko'ina, kafin sabo ya fito kuwa an fara kwas ɗin, an ba wani gurbin. Ba a sake gayyatarsa ba. Ranar da muka je yankan gero a gonar Bungudu, ina tattara zangarniya ina kuka, ya dafa kaina ya ce, "Bari, ɗiyata. Ke kaɗai ce hukumar da ta taɓa ba ni biza ba layi, ga shi kuma na cika sharaɗi."

Yanzu nakan cike irin wannan takarda a waya, kafin shayi ya huce na gama, kuma na ga ƙanƙarar da idona. Ba ta kai wadda na gani a gindin darbejiya kyau ba. Darbejiyar an sare ta an yi shago. Fasfon Baba yana cikin akwatina, shunin ya koɗe amma tauraron na nan. Tafiya ɗaya ce ya yi ba tare da ya biyo ta ofishina ba, ita ce kuma bai dawo ba.