Zaren Wanki da Akwatin Yayana

Shekarun baya, lokacin da Nasara suka fara ɗaure kayansu za su bar mana ƙasa, ni da yayana muna sana'ar wanki da guga a Damagaram. Rumfarmu tana bakin unguwar Zango, jikin gidan da muke zaune. Shi ke riƙe da dutsen guga, don hannunsa ya faɗa. Ni ke zagayawa in karɓo kaya, in wanke, in mayar wa masu su. Mahaifinmu ya riga ya rasu, mahaifiyarmu kuma ta baro ƙauyenmu Droum ta dawo wurinmu, tana kaɗi tana sayar da zare.

Ni tun ina ƙarami Allah ya yi ni da fargaba. Na yi lakwal kaɗan, wato makarantar boko, na iya karatu da lissafi daidai gwargwado, amma abin da na fi ƙwarewa a kai shi ne tunanin abin da zai iya lalacewa. In na kulle rumfa, sai na dawo na ja kwaɗon na ji. In na shanya kaya, idona yana sama ko da tsakiyar rani ne. Yayana ba ya kirana da sunana, sai dai Sarkin Fargaba.

Babban tsorona shi ne in sa rigar wani cikin ƙunshin wani. Saboda haka na ƙirƙiro dabara. Duk tufar da ta shigo hannuna, sai in ɗaura mata ɗan zare a gefe. Fari na gidajen Nasara, ja na sojojin bariki, shuɗi na 'yan gari, wato mutanen Birni da Zango. Kowane gida kuma da irin ƙullinsa. Wurin mahaifiyata nake sayen zaren, kuma ba ta taɓa yi mini ragi ba.

In na mayar da kaya sai in yanke zaren a gaban mai shi. Mai hankali a nan zai yar. Ni kuwa sai in jefa aljihu, ina cewa a raina, in gobe wani ya zo ya ce bai ga wandonsa ba, da me zan kare kaina? Har muka bar sana'ar ba wanda ya taɓa zuwa da wannan magana. Duk da haka, da an ga sabon wata sai in tattara zaren watan da ya wuce, in ɗaure shi dami guda, in rataya a igiya cikin ɗakina, kowane dami bayan ɗan'uwansa. Yayana in ya leƙo sai ya ce, "Kai, ɗakin nan naka ko na boka albarka."

Bayan Babbar Salla ta shekarar da muka samu 'yancin kai, wani Banasare da ya fi kowa ba mu aiki aka mayar da shi Yamai. Ya aiko kukunsa ya gaya wa yayana cewa in yana so ya biyo su, akwai aikin wanki a gidansa can. Yayana bai yi shawara da kowa ba. Sai ganinsa muka yi ya shigo da sabon akwatin ƙarfe a ka, kore shar, ya dire shi tsakar gida.

"Sana'ar nan ta mutu," in ji shi. "Masu ba mu kaya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Zan sayar da dutsen guga. Kai ka mayar da Inna Droum ku yi noma, ni in na samu zan riƙa aikowa."

Na dubi mahaifiyata. Ba ta ɗaga kai daga mazarinta ba. Yayana shi ne ɗanta na fari, kuma ku da kuka san mutanen da, kun san yadda abin yake. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi, balle ta buɗe baki ta ce kada ya tafi. In tana da magana da shi, ni take gaya wa, ko da yana tsaye a gabanta. Ranar kuwa zaren ya yi ta tsinke mata, abin da ban taɓa gani ba.

Na kasa cin abinci. A raina har na ga kamyon, babbar motar da zai hau, ya faɗi a hanya, na ga ya auri 'yar Yamai ya manta da mu, na ga kaina a Droum gero ya ƙi yi. Washegari bayan la'asar na ce bari in gwada abin da nake da shi. Na kwanto igiyar zaren nan, na shimfiɗa tabarma, na kira yayana. Niyyata in nuna masa cewa kayan Nasara ba su ragu yadda yake zato ba.

Na zare fararen daga kowane dami na jera su bi da bi. Wayyo ni. Na farkon igiya kauri kamar wuyan hannu, na ƙarshe kuwa bai kai yatsa ba. Yayana ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Madalla da Sarkin Fargaba! Ka kira ni ka kafa mini shaida. Har tsummokaranka sun san gaskiya."

Ina cikin tattarawa, kunya ta rufe ni, sai mahaifiyata ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Auta, fari kaɗai ka saya a wurina?"

Na ce a'a.

"To ina sauran? Ni dai na san tun bara nake yawan zuwa marina saboda kai."

Ta ajiye mazari ta matso. Ta sa na ware ja a layinsa, shuɗi a layinsa, kowanne ƙarƙashin farin watansa. Ja bai canja ba sosai, soja dai kullum da kakinsa. Shuɗi kuwa ya fara siriri kamar wutsiyar ɓera, yana tafe yana kauri, har na ƙarshe ya fi duk wani farin da muka taɓa samu. Ni da hannuna na ɗaura su ɗaya ɗaya, amma ban taɓa lura ba, don kullum hankalina yana kan na ranar. Yayana kuma kaya suna zuwar masa ne a tsibi, kakin ɗan gari da na Banasare duk ɗaya ne a ƙarƙashin dutsen guga.

Ya daina dariya. Ya tsuguna yana taɓa shuɗin. Da na yi shiru a nan, da magana ta ƙare. Amma halina bai bar ni ba.

Na ce, "Inna, akwai fa matsala. Waɗannan na ƙarshen, watannin Salla ne. Kowa yana wanki da Salla. Wataƙila shi ya sa suka yi kauri."

Yayana ya miƙe ya tafa hannu. "Kin ji ko? Shi da kansa ya faɗa!"

Mahaifiyata ta yi mini wani kallo wanda har yau in na tuna sai na gyara zama. Ta ce, "Allah ya shirye ka, Auta. To bara ba a yi Salla ba ne? Ɗauko na Sallar bara ka aza kusa da na bana."

Na ɗauko. Na Ƙaramar Salla kusa da na Ƙaramar Salla, na Babba kusa da na Babba, na watan azumi kusa da na azumi. Ko'ina shuɗin bana ya ninka na bara ko ya kusa. Na duba ƙulle-ƙullen kuma, na ga ba gida ɗaya ba ne ya yawaita kawo kaya, sababbin gidaje ne suke ta ƙaruwa. Da na bi su a kaina sai na gane su waye: malaman lakwal, ma'aikatan ofis, wanda muke ce wa biro, masu aikin asibiti, 'ya'yan gari da suke hawa kujerun da Nasara ke sauka.

Yayana ya ce, "Na ji. Amma ɗan gari wando da taguwa kawai yake kawowa. Banasare har da zanen gado da na tebur. Kaki biyu ba za su riƙe gida ba."

Zare ba shi da amsar wannan. Don haka da na fita zagaye, duk gidan da na shiga sai in tambaya ina suke kai manyan rigunansu. Wani mushe na lakwal, wato malamin makaranta, ya dube ni ya yi murmushi, ya ce, "Kai, in ba ku babbar rigata ku ɗora mata wuta? Kaki na biro ne, ku yi ta gogewa. Rigar Juma'a kuwa sai bugu." Kusan kowa haka ya ce. Suka ƙara da kukan cewa masu bugun Birni aiki ya yi musu yawa, riga takan daɗe ba ta dawo ba.

Na kawo wa yayana labari. Shi kuwa ya taɓa koyon bugu wurin kawunmu yana yaro. Ya juya ya kalli akwatinsa. Mahaifiyata ta ce, "Auta, gaya wa mutumin nan, Yamai ba gudu take ba. Ya bari zuwa kaka. In shuɗi bai ƙaru ba, ni da kaina zan yi masa guzuri."

Na juya na ce, "Yaya, Inna ta ce..."

"Na ji, ai ba kurma ba ne ni."

Ranar kasuwar Mirriya muka je muka sayo gungumen bugu da gudumomin itace. Duk hanya ina tambayar mai jakin ko ya tabbata gungumen ba shi da gara a ciki, har ya ce in na sake tambaya zai sauke mana shi a daji. Muka dawo muka fara. Yayana yana ɗaya gefen, ina ɗaya gefen, a yayyafa wa riga ruwan ƙaro, a ninke, mu yi ta sauke guduma, tim tam, tim tam. Ƙarar nan ita ta yi mana shela. Wanda ya kawo kaki yau, gobe sai ya dawo da babbar riga a hammata.

Ba mu kai kaka ba sai ga amsa. Da aka sanar da ranar 'yancin kai, duk wanda ke da riga a Damagaram ya tuna da ita. Kaya suka cika rumfa, suka cika ɗakina, ga damina, ina shanya ina kwashewa ina addu'a. Shuɗin zare ya ƙare ƙaf. Yayana da kansa, mutumin da ke kiransa tsummokara, ya tsaya tsakar gida yana ɗaga murya: "Sarkin Fargaba, ina zare? Kada ka haɗa mini kayan mutane!" Muka rasa inda za mu sa rigunan da aka gama don kada laima ta taɓa su, sai ya jawo koren akwatin nan ya buɗe ya fara jerawa.

Ranar bikin gari ya cika, ana kiɗa, mata na guɗa, riguna suna ƙyalli. Yayana yana ta zungurina yana cewa, "Waccan tamu ce. Waccan ma." Ni kuwa, ana murnar ƙasa, idona yana gefen rigunan mutane. Kuma sai da na gani: ɗan shuɗin zare yana lilo a rigar wani dattijo, na manta ban yanke ba. Na bi shi cikin taro ina neman yadda zan tsinke ba tare da ya ji ba. Ya juyo ya kama hannuna, ya zaci ɓarawo ne. Da na yi masa bayani ya yi dariya har rawaninsa ya karkace, ya ce, "Bar shi, ɗana, yau kowa da tutarsa." Damin watan nan ya tafi da giɓin zare ɗaya, kuma ya daɗe yana damuna.

Da muka koma gida muka tarar mahaifiyata ta yi tuwon gero da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai, abincin da yayana ya fi so a duniya. Ta ajiye a gabana ta ce, "Auta, naka ne. In ya yi maka yawa ka ba wanda ke kusa da kai." Akushin ya ishi mutum huɗu.

Yanzu ina ganin masu shaguna da masu otel suna zuba bayanan abokan cinikinsu a na'ura, ta zana musu layi mai hawa da sauka kafin su yanke shawara. Nakan ji daɗi, don na san abin. Abin da na koya a kan tabarmar nan shi ne, tara abu daban, iya dubansa daban. Ni na tara, amma tsoro ya sa na kalli layin da ke raguwa kaɗai. Sai da aka jera duka, aka gwada Salla da Salla, aka kuma fita aka tambayi mutane abin da zare ba zai iya faɗa ba. Ko shakkar da na kawo, wadda ta jawo mini harara, ita ta sa yayana ya yarda, don ya ga an gwada maganar ta tsaya.

Yayana bai je Yamai ba sai da ya tsufa, shi ma ziyara. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce masa ta ji daɗin zamansa ba. Abin da kawai ta faɗa, bayan kaka ta wuce ba wanda ya tayar da zancen tafiya, shi ne, "Auta, tambayi mutumin nan, in ya gama da akwatinsa, ina neman wurin ajiye auduga."

Ya ɗauka da kansa ya kai mata har ɗaki.