Bahago da Zabirar Bature

Idan ka shiga gidan da muke haya a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad ka tambayi Dalhatu direba, za a ce maka wanne, domin direbobi sun yi yawa. Amma ka ce Dalhatu Baduku, to ko mai sayar da gurasa a ƙasan bene zai nuna maka ɗakinmu. Shi ya raɗa wa kansa sunan. Shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya, muna tuƙa motocin kamfanin gine-gine ɗaya, ban taɓa ganin ya ɗinke ko maɓallin riga ba, amma ba takalmin da zai gifta gabansa bai kushe shi ba. "Aikin inji ne wannan," zai ce yana taɓe baki. "Mu a unguwar Dukawa wanda ya yi haka ba ya ganin tuwo ranar."

Ba ƙarya ce zalla ba. Ubansa, Malam Mahamadu, baduku ne da ake ji da shi a Kano, haka kakansa. Matsalar ita ce an haifi Dalhatu bahago, uban kuwa ya rantse basilla ba ta shiga hannun hagu a gidansa. Ya ɗaure masa hannun da tsumma, ya buge shi da marfin zabira, duk a banza, domin da hannun dama ɗinkinsa kamar sawun kaza yake fitowa. Yana ɗan shekara goma sha bakwai uban ya karɓe basillar a gaban abokan sana'a ya ce, "Je ka nemi abin yi, hannunka ba na fata ba ne." Shekara talatin ke nan. Suna gaisawa a waya, lafiya lau, ya sanyi, ya jiki, amma maganar fata ba ta sake haɗa su ba. Duk cika bakin nan da yake mana, kalma ɗaya yake jira daga tsohon, ni kaɗai na sani, ni ma zazzaɓi ne ya sa ya faɗa mini.

Sanin wannan bai hana ni yi masa tsiya ba, Allah ya yafe mini. Akwai injiniya a kamfaninmu, Mista Dankan, mutumin Sukotlan. Su a ƙasarsu, ranar biki maza siket suke ɗaurawa mai gida-gida, kuma tunda siket ba shi da aljihu sai su rataya wata zabirar fata a gaba, ƙasan cibiya, mai tuntaye uku. Wata rana ina tuƙa shi ya yi ta ƙorafi. 'Yarsa za ta yi aure nan da mako uku, zabirar kakansa yake so ya rataya, ga busasshiyar iskar Riyad ta cinye zaren, bakin zabirar ya rabu biyu. Ya kai ta kasuwar Batha, masu gyaran takalma suka ɗauko gam, ya fizge abarsa ya fito.

Na ce da ɗan Larabcinmu na direbobi, "Mudir, mafi mushkila, ranka ya daɗe ba matsala. Ai gwanin fata na duk Afirka a ɗakina yake kwana."

Washegari a gaban direbobi bakwai Mista Dankan ya miƙa wa Dalhatu zabirar da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri. Dalhatu ya dube ni. Na dubi sama. Ya juya ta, ya shinshina, ya ce da Turancinsa na tasha, "Simol wok," wai ƙaramin aiki ne. Muna shiga ɗaki ya ce, "Sha'aban, Allah ya isa tsakanina da kai."

Kwana huɗu yana zagaya zabirar kamar kyanwa da tukunya mai zafi. Ya sayo basilla da zare da kakin zuma, ya jera su a kan darduma, ya kasa taɓawa. Fatar ta haura shekara tamanin, kuskure ɗaya ta yage. Ranar Juma'a bayan mun sauko daga masallaci ya danna kiran bidiyo zuwa gida ya miƙo mini wayarsa. "Riƙe. Tunda kai ka jawo."

Ƙanwarsa Zuhura ce ta ɗauka a Kano, ta kai wa tsohon a zaure. Bayan gaisuwa Dalhatu ya ɗaga zabirar yana in-ina. Malam Mahamadu ya gyara tabarau.

"Ta wanzami ce?"

"A'a, Baba. Ta Bature ce. A gaba suke ratayawa."

"Gaban me?"

Dalhatu ya nuna. Tsohon ya yi salati. "Ba su da wando ne?"

"Ranar biki ba sa sawa, Baba."

"To ai dole su rataya wani abu a wurin," in ji shi. Zuhura ta ƙyalƙyale da dariya har wayar ta kife, muka ga rufin zaure.

Da aka daidaita ta, ya ce a matso da ɗinkin. Na matsar. Sai muryarsa ta sauya, wasan ya tafi. Ya sa aka bi masa bakin zabirar daga wannan gefe zuwa wancan. "Kai! Wannan hannu ne. Dubi tazarar huji, kamar an auna da ƙwayar gero. Wanda ya yi wannan, ko ubana ya gani sai ya ba shi wurin zama. Ashe Turawa ma suna da dukawa." Ya daɗe yana yabo, abin da Dalhatu ya ce bai taɓa jin ya yi wa mai rai ba. Sannan ya kafa doka. A shafa mata mai kaɗan, a bar ta ta sha kwana biyu. A zare tsohon zaren a hankali. Kuma ba za a huda sabon rami ko ɗaya ba, domin baduku ba ya huda inda wani baduku ya riga ya huda, sawunsa ake bi. "Kuma a gabana za ka yi, ban yarda da hannunka ba."

Ranar Litinin da la'asar muka zauna. Dalhatu ya kama basilla da hannun dama, yadda aka hore shi, gumi na tsatsafo masa duk da na'urar sanyi. Basillar ta shiga tsohon rami, amma maimakon ta fita ta bayansa sai ta ci gefe. Ya sake, ta sake ci. A rami na uku fatar da ke tsakanin huji biyu ta tsage, 'yar tsaga kamar ta farce. A nan na gane wasan da na fara ya fi ƙarfina. Ba zabirar nake tausayi ba, ƙaton mutum mai 'ya'ya biyar nake kallo ya koma yaro a gaban ubansa.

"Ajiye!" tsohon ya daka tsawa. "Shekara talatin ba ka sauya ba. Kai mai riƙe da waya, matso mini da ramin."

Na matsar har fatar ta cika fuskar wayar. Ya ce a karkata ta wajen haske. Ya ce a juya bayanta. Ya ƙura mata ido ko ƙiftawa babu, har na ɗauka hoton ne ya tsaya. Zuhura ta ce, "Baba?"

Ya yi gyaran murya sau biyu. "Hujin nan a kwance yake ta wancan gefen." Ya ƙara matso da fuskarsa. "Mai aikin nan bahago ne."

Na ciji leɓe don kada dariya ta kufce mini. Gwanin da ya ba wuri kusa da ubansa ke nan, kuma dokar bin sawu shi ya kafa ta da bakinsa, da shaidu biyu. Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya kalli gefe kamar ana kiransa a waje. Dalhatu ya sunkuyar da kai.

"Me kake jira?" in ji Malam Mahamadu cikin faɗa. "Sauya hannu mana!"

Dalhatu ya mayar da basillar hagu. Ta shige ramin ta fita kamar ta san hanya. Ta shige na biyu, ta tsallake tsagar, ta shige na gaba. Ba zan ce ya zama gwani nan take ba, yatsunsa sun saba da sitiyari, sau biyu ya soki kansa. Amma ɗinkin ya kwanta a kan na mai aikin farko daidai. Tsohon bai yaba ba. "Ja zaren. Kar ka shaƙe ta. Ƙara kaki." Haka muka yi la'asar huɗu, hannuna ya ƙage da riƙon waya.

Mista Dankan da ya karɓa ya daɗe yana shafa bakin zabirar da babban yatsa, ya ce bai ga inda aka taɓa ba. Daga baya ya turo hoton bikin, ga shi da siket da gwiwoyi a waje. Dalhatu ya tura wa Zuhura ta nuna wa tsohon. Kwana biyu ba amsa, Dalhatu yana duba waya ko a jan danja. Rana ta uku saƙon murya ya shigo, ya kunna shi muna mu biyu a mota.

"Dalhatu. Na ga Baturen naka, Allah ya shirye shi. Akwai takalmina na Juma'a da ya tsinke a maɗauri. Zan ba masu zuwa Umara su kawo maka. Kar ka sa masa gam."

Mutumin da almajiran sana'arsa suka cika unguwa, shi ne zai aiko da takalmi daga Kano zuwa Riyad a ɗinke masa. Na buɗe baki zan yi tsiya, sai na ga Dalhatu ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Na haɗiye tsiyar na bar shi ya gama kukansa.