Inuwar Rubutu a Gilashin Kwamfuta

Shekara talatin da wani abu na yi ina dillanci, kuma babu matar da ta taɓa dawo mini da kaya ta ce na cuce ta. Na sayar da kwalla da fanteka, na sayar da gadon ƙarfe da keken ɗinki, da zannuwan da aka ɗaura sau ɗaya aka ninke. Daga Ɗorayi har Dakata babu zauren da ban yi sallama a cikinsa ba. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta sai an gaya mini. Amma a miƙo mini kayan hannu in juya shi sau biyu, zan faɗi irin zaman da ya yi a gidan da ya fito.

Ɗana na fari yana aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Ba zan faɗi sunansa ba, don mu a zamaninmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna wa mutane ta damu da shi. A gaban injin saƙa ya fara, cikin ƙarar da ke sa mutum ya dawo gida yana magana da ƙarfi kamar mai faɗa. Ya yi ta zuwa ajin yamma har aka mai da shi akawu. Da kamfanin ya sayo kwamfuta, shi aka zaunar a gabanta, yana tsara wanda zai shigo aikin safe, da na rana, da na dare.

Wata ranar Laraba matarsa ta same ni a tsakar gida ina ware ragowar yadin da nake sarowa a bakin masaƙar.

"Inna, mai gidan nan fa idonsa," ta ce. "Kullum ja wur yake dawowa, yana ruwa. Har tabarau ya saya a kasuwa, yana ɓoyewa a aljihu."

Ta ce sau biyu ke nan yana rubuta mutum ɗaya a aikin safe da na dare, inji ya wuni babu mai tsaya masa. Shi ya ce gilashin kwamfutar ne ya dushe. Manaja ya ba da ɗan kuɗi kaɗan a sauya gilashin, amma ya ce in aka sauya kuskure bai daina ba, to idon ne, sai ya tashi daga kujerar. Lokacin kuwa kaya sun yi tsada, kamfanoni na ta rage mutane. Wanda aka tayar daga kujera, ƙofa ake nuna masa.

Na ce, "Allah ya sauwaƙe," na ci gaba da ware yadina.

Washegari na tafi Sharaɗa. Dama na daɗe ina son in ga wannan abu da ake cewa yana da ƙwaƙwalwa, don haka ba ƙarya na yi wa mai gadi ba da na ce kallo na zo yi. Ɗaki ne mai sanyi kamar cikin randa. A kan tebur ga wani akwatin ƙarfe a kwance, a kansa ga wani kamar ƙaramin talabijin, rubutu kore yana rawa a ciki. Ɗana yana ganina ya miƙe, hannunsa ya yi saurin kaiwa aljihu.

"Sannunku da zuwa, Inna."

Ban dube shi ba. Bango na tambaya. "Shi wannan rubutun, in an kashe wuta ina yake kwana?"

"A cikin akwatin ƙasa yake, Inna. Na saman nunawa kawai yake yi."

"In aka ɗauke na saman aka kawo wani, rubutun zai gane shi?"

"Zai fito kamar yadda yake."

Ashe murfi za a sauya, ba tukunya ba. Na matsa kusa na leƙa. Ni da ba karatu nake ba, na ga rubutun ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki, gefe-gefensa ya yi gashi. Na so in ce idona ma haka ya gani, amma idona na tsohuwa ne, shaidarsa ba za ta yi masa amfani ba. Na juya na fita.

Ranar Asabar aka ba shi a-kori-kurar kamfani ya je Bompai neman gilashi. Na ce ina da wata mata a Dakata da ke jiran keken ɗinki, a rage mini hanya. Da muka isa, na ce matar za ta iya jira.

Sito ne dogo mai duhu, bayan layin da tireloli ke tsayawa. Mai shi wani Alhaji ne mai fara'a, sana'arsa sayen kayan ofis na kamfanonin da suka rufe. Tafireta a jibge, fankoki, kujeru masu juyawa an kifa su kan juna. Ina shiga na ji kamar na zo gidan ɗan'uwa, don shi ma dillali ne, kayansa ne kawai suka fi nawa nauyi.

Gilashi uku ya fito da su, ya jona su ɗaya bayan ɗaya a wata kwamfuta da yake gwaji da ita. Na farko sabo ne a kwalinsa, mai kala. Da aka faɗi kuɗinsa ba wanda ya sake kallonsa. Na biyu na hannu ne, amma fes, jikinsa fari kamar an wanke da madara, rubutunsa kore shar yana haska rabin siton. Na uku abin tausayi ne. Bayansa ya tsage an liƙe da salatif, samansa da ƙunar sigari, rubutunsa kuma ruwan ƙwai, ba ya wani ɗaukar ido.

Na ga fuskar ɗana ta saki a kan koren nan. Ya sunkuya yana karantawa, har ya fara taɓa aljihun da kuɗin kamfani suke.

Na ce, "Alhaji, a kashe shi a fito mini da shi rana."

Alhaji ya yi dariya. "Hajiya, ai wannan ba atamfa ba ce. Shi a duhu yake nuna kyansa."

"Mai atamfa ma a cikin rumfa yake son a biya shi. Ni ban taɓa sayen abu a inuwa ba."

"To in an kashe me za ku gani? Baƙin gilashi?"

"Shi nake son gani."

Ɗana ya tsaya tsakaninmu, kunya ta kama shi. Ya ce a hankali, "Inna, a kunne ake duba shi."

Na ce wa ƙofar siton, "Wanda ya iya karatu ya duba a kunne. A bar jahila ta duba a kashe."

Ɗana ya cire wayar wutar ya rungumo shi zuwa bakin ƙofa, ya ɗora a kan wani tebur. Rana ta faɗa kan gilashin. Na karkata kaina, na sa ya juya mini shi kaɗan. Sai ga su. Layuka a jere daga sama har ƙasa, da wasu 'yan ƙananan tabo a saman kowane layi, launin toka a kan baƙi. Duk wadda ta taɓa sayar da rigar da aka warware wa aikin wuya ta san wannan. Zaren ya tafi, amma gurbinsa yana nan.

"Wannan fa?" na ce.

Ɗana ya durƙusa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Rubutu ne. Ya ƙone a jiki."

Na shafa gaban abin na sami wani ɗan maɓalli da ake murɗawa. Lagwai-lagwai yake, ya sha hannu, kuma an murɗe shi har ƙarshe. Na tambaya na mene ne, aka ce na ƙara haske.

"Alhaji, fitilar da aka ɗaga wa lagwani har ƙarshe, in ta dushe gobe me za a ɗaga?"

Alhaji ya shafa gemu. "Hajiya, ku a wace unguwa kuke? Don in san ranar da zan rufe sito."

Aka fito da mummunan. Rana ta doke shi, na juya shi dama da hagu, gilashin nan sumul, babu ko ɗigo. Maɓallinsa da ƙyar ya murɗu, kuma a tsakiya yake, da sauran tafiya. Na ce wannan faɗuwa ya yi, ba aiki ba. Alhaji ya ce gaskiya ne, daga ofishin wani babban manaja ya fito, wanda aka saya wa don ado, sigari kawai yake ajiyewa a kai, kuma wajen lodi ne ya suɓuce. Kuɗinsa bai kai na koren ba.

Ɗana ya ce, "Manaja zai ce na sayo masa fasasshe."

"A tambayi manaja, ƙeyar abin yake karantawa ko fuskar?"

Muka ɗauko shi. A hanya ba wanda ya tuna matar Dakata.

Ranar Litinin na je sarin yadi, na kuma ratse ta ɗakin sanyi. An jona wanda muka sayo. Rubutun ya fito tsaf kamar garwashin da aka jera, ba ya rawa. Ɗana yana zaune da tabarau a fuska, bai ji shigowata ba. Na ga ya cire shi a hankali ya ajiye. Ya ja kujera baya, ya ƙara ja, har ta taɓa bango. Daga can ya fara karanta sunayen mutanen aikin rana a fili, ɗaya bayan ɗaya, bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe. Ya sa tafin hannu ya rufe fuskarsa. Na juya ina kallon kalandar da ba na iya karantawa.

Tsohon gilashin yana ƙasa a lungu. Na ce a ɗora mini shi a taga. Shi ma da tasa inuwar, layi biyar.

"Wannan me ya ce?"

"Suna," ya ce yana bi da yatsa. "Sashe. Safe. Rana. Dare."

Shekara uku yana kallon waɗannan kalmomi har suka zauna a jikin gilashi. Har yau ban gane yadda haske ke barin tabo ba. Na tambayi masu gyaran talabijin biyu, kowa da abin da ya ce, ba wanda ya gamsar da ni.

Wata ya cika, wani ya bi baya, inji bai sake wuni babu mutum ba, manaja bai sake tayar da maganar kujera ba. Rannan sai matarsa ta zo da wani abu a ƙulle cikin hankici.

"Inna, ya ce a ba ku ku sayar masa."

Tabarau ne. Na juya shi sau biyu. Gilashinsa sabo, amma hannunsa na dama ya lanƙwashe, irin lanƙwasar abin da ake fizgewa da sauri a cusa a aljihu duk lokacin da aka ji tafiya a bakin ƙofa.

Na ce, "Ki ce masa kasuwar tabarau ta faɗi."

Na sa shi a ƙasan adakata. Yana nan.