Rumbun Sama da Rumbun Ƙasa

Ba ni na zaɓi kwamfutar gidanmu ba. Baffana ne, ƙanin mahaifina, ya tafi Sakkwato ya dawo da ita cikin kwali, haɗaɗɗiya daga kamfani, an ɗaure komai a cikinta an liƙe bakin murfin da wata 'yar takarda. Shi kansa bai san inda ake kunna ta ba, bai kuma damu ya sani ba. Kaset-kaset ɗin mahaifina ne suka sa ya saye ta.

Mahaifina ya yi shekaru yana karantarwa a zaurenmu na Wurno, in azumi ya kama kuma ya tafi Rabah ya yi tafsiri. Ɗalibansa suna ɗaukar karatun a rikoda. Bayan rasuwarsa Baffa ya bi su gida-gida ya tattaro, har suka cika wata tsohuwar akwatin ƙarfe. To zafin ƙasarmu ba ya raga wa kaset. Wani zarensa ya manne, wani ya tsinke. Akwai wanda rikoda ta tauna a gabanmu, Baffa ya zauna yana naɗe shi da biro, ranar ko abincin rana bai ci ba.

Da yake ni malamin firamare ne, kuma ni ne ɗan bokon gidan, sai aka damƙa mini aikin. In na taso daga makaranta, rana tana kan sola, sai in haɗa rikoda da kwamfuta da waya, in saki kaset ya yi ta tafiya har ya ƙare, muryar tana shiga ciki. Aiki ne na zama. Baffa ya miƙa mini mabuɗin ɗakin karatun mahaifina, inda aka ajiye ta, da hannu biyu, ya ce muryar yayansa ce ya ba ni amana.

Ya kuma kafa dokoki. A gidanmu ba a jibge littattafai yadda aka ga dama. Alƙur'ani ne a sama, sai tafsiri, sai hadisi, sai fiƙihu, a haka har a gangaro kan littattafan boko, waɗanda su ne suke shan ƙasa. Tun ranar da ayar farko ta shiga kwamfutar Baffa ya lissafa ta cikin littattafai. Ba a ajiye ta a ƙasa. Ba a ɗora mata kofi. Wata rana na cire hulata na ɗora a kanta, ya shigo, ya ɗauke hular da yatsu biyu ya mayar mini a kai.

Ni kuwa ina da ciwona, kuma tsohon ciwo ne: dambe. Tun ina yaro in na ji kalangu ƙafata ba ta zama. Ina ɗan shekara goma na sulale bayan kaka na tafi kallo, aka kawo wa mahaifina labari kafin in iso gida. Bai dake ni ba. Kwana uku dai bai dube ni ba, in na gaishe shi ya amsa yana kallon littafi. Da ya zane ni da ya fi mini sauƙi. Mutum ne da ban taɓa ganin haƙoransa a dariya ba, iyakarsa murmushi, shi ma a taƙaice. Na girma ina ɓoye son dambe kamar mai ɓoye ƙurji.

Da wayar hannu ta zo, sai abokai suka riƙa turo mini bidiyon wasanni. Wayar ta cika. Ga kwamfuta a gabana da fili fetal. Na buɗe jaka a cikinta, na raɗa mata suna "Takardun makaranta", na fara juyewa. Na ce 'yan kaɗan ne. Kaɗan ɗin nan ya yi ta haihuwa, har ya zama in kaset yana tafiya ta gefe ɗaya, ni ina ta gefe ɗaya na kashe murya ina kallon ƙarti suna naushin juna.

Wata rana ina tsakiyar kaset sai kwamfuta ta fito da jan rubutu, ta ce babu sauran wuri. Akwatin kuwa ko rabi ban ci ba.

Na san abin da ya cika ta. Na kuma san maganinsa, goge jakar nan. Na ɗora yatsa, na duba wasannin da na yi shekaru ina tarawa, na kasa. Sai na tashi na sami Baffa a zaure, na gyara fuska, na gaya masa karatun Malam, wato mahaifina, ya cika kwamfuta. Ban taɓa ganin ya ji daɗin mugun labari kamar ranar ba. Kafin magariba duk wanda ya yi salla a masallacin unguwarmu ya ji cewa ilimin yayansa ya fi ƙarfin injin Turawa. Tsofaffi suna ta gyaɗa kai suna yi wa mamaci addu'a. Na ji kunya ƙwarai, amma ba ta kai ta sa in goge ba.

Dabarata ita ce a ƙara mata wurin ajiya. Masu gyara suna ce wa abin had dirayib, ni na fassara wa Baffa da rumbu, na ce na ciki ya cika, za a kafa na biyu kusa da shi. A raina na tsara komai: in sabon ya shiga, in lallaɓa in kwashe dambena in kai can, karatu ya ci gaba, babu wanda ya ji babu wanda ya gani.

Ranar kasuwar Goronyo na hau kabu-kabu na sami wani mai gyara da ke da shago bayan 'yan albasa, magidanci mai tumbi da yawan magana. Ya ce in kawo masa kwamfutar. Da na dawo gida Baffa ya ce ba za a ɗaure karatun Malam a bayan babur ba, a bi da shi tsakanin buhuna da jakuna. Dole shi ya zo. Na koma na ɗauko shi, a hanya na yi ta ja masa kunne cewa ya ɗaura rumbu kawai, kada ya buɗe komai, kada ya yi dogon bayani, tsohon ba ya son surutu. Ya ce in kwantar da hankalina, shi ba mai magana ba ne. Daga nan har Wurno bai rufe baki ba.

Muna shiga Baffa ya tambaye shi ko yana da alwala. Ya ce yana da ita tun azahar. Baffa ya dube shi, ya miƙa masa buta. Da ya dawo ya nuna 'yar takardar da aka liƙe, ya ce in an yanka ta mai shago ba zai karɓi kwamfutar ba ko ta lalace. Baffa ya ce shi ma ba shi da niyyar mayar da ita. Mai gyara ya yanka, ya kwance noti biyu, ya zare murfin gefe.

Na zaci zan ga abin mamaki. Rabin cikin iska ce, sai fanka, da wayoyi, da yanar gizo-gizo. A gaba akwai wani ɗan kanta na ƙarfe mai hawa biyu. Tsohon rumbun yana hawan ƙasa, na sama babu kowa. Mai gyara ya fito da sabon daga leda, bai wuce tafin hannu ba, ya nufi hawan sama da shi.

"Tsaya," in ji Baffa. "Wanga na ƙasa, cikinai karatun Malam yake?"

Mai gyara ya ce e.

"To mi za ka aza mishi bisa?"

"Baba, ai sabo na, ba komi cikinai."

"Ko takarda hwara ba a aza ta bisa Alƙur'ani."

Nan na tuna abin da nake shirin zubawa a wannan sabon rumbun, da inda zai zauna. 

Mai gyara ya yi ƙoƙarin sauya musu wuri. Ashe kamfani ya auna komai daidai, wayoyin tsohon rumbun ba su kai hawan sama ba, saura kamar tsawon ɗan yatsa. Ya ja, ya lanƙwasa, ya yi gumi. Ya ba da shawara a kwantar da kwamfutar a kan gefenta, su zauna kafaɗa da kafaɗa. Baffa ya ce lafiyarta lau, me zai kwantar da ita. Mai gyara ya ce to a kifa ta, ƙasa ya koma sama. Baffa ya kafe shi da ido har mutumin ya sunkuyar da kai.

Baffan ne da kansa ya warware. Ya ce a ɗaura sabon a sama yadda yake, a kwashe karatun gaba ɗaya a kai can, na ƙasa ya zauna da tarkacen da ya rage. Na kusa rungume shi. Tsohon ya yi mini aikina ba tare da ya sani ba, karatu a sama, dambena a ƙasa, kowa da gidansa.

Aka ɗaure rumbu da noti, aka soka masa waya biyu, ta wuta da ta saƙo. Aka kunna, mai gyara ya yi 'yan danne-dannensa, sabon rumbu ya bayyana a allo wayam. Ya fara kwashe karatun. Da ya tsaya a nan da yanzu ba ni da labarin bayarwa.

"Ikon Allah," ya ce, yana leƙen allo. "Karatun ga ai bai ci komi ba. Murya ba ta da nauyi. Wagga jakar ita ta cinye wurin duka."

Na taka masa ƙafa. Ya ce, "Malam, ka taka ni."

Baffa ya matso ya tambayi abin da aka rubuta a kan jakar. Na ce takardun makaranta ne, jarrabawar yara, ba wani abu ba, su zauna a ƙasa.

"Takardun yara ba su rasa Bisimilla a kai," in ji shi. "In da sunan Allah ciki, bisa za su. Buɗe mu gani."

Da na sa mata suna "Lissafi" da na tsira. Har yau ina jin haushin wannan.

Kunnen Baffa ya yi nauyi, saboda haka lasifikar kullum a ƙure take. Mai gyara ya danna na farko. Kalangu ya tashi a ɗakin karatun mahaifina, da kirari, da ihun 'yan kallo, har sai da na ji an daina daka a cikin gida. Ga ƙarti biyu a allo ba riga, hannu ɗaure da zare, suna zagaya juna. Mai gyara, wanda bakinsa bai huta ba tun Goronyo, ya ɗaga kai yana nazarin azarar ɗaki.

Na kai hannu zan kashe. Baffa ya ce in bari.

Ya tsaya da carbinsa yana kallo. Aka yi turmin farko, aka yi na biyu. A na uku ɗaya ya kai ƙasa, ƙura ta tashi.

"Tun hwari ya yi sake da hannun hagu," in ji Baffa. Sai ya nuna hawan ƙasa da carbi, ya ce wannan nan zai zauna, ya fita alwalar la'asar.

Na mayar da mai gyara Goronyo, a hanya ko tari bai yi ba. Na dawo ina jiran a aiko karɓar mabuɗi. Abin da ya fi damuna ba tsofaffin masallaci ba ne. Wurin da aka tanada don muryar ubana na cinye, kaset suna mutuwa a akwati, na kuma yi ƙarya da sunansa. Ba a aiko ba, kuma da an aiko da na fi samun sauƙi.

Washegari na taso daga makaranta na tarar da Baffa zaune a ƙofar ɗakin. Muka shiga. Ya zaro wani kaset daga aljihu, naɗe cikin ƙyalle, babu rubutu a jikinsa. Ba daga akwatin ya fito ba. Ya ce ya daɗe yana riƙe da shi don bai san inda zai ajiye shi ba, ba karatu ba ne, kuma ba ya iya yar da shi.

Na saka. Da farko ƙarar takalma ce, ɗalibai suna watsewa, wani ya manta bai kashe rikoda ba. Sai muryar mahaifina, ba irin ta karatu ba, a sake. Yana tuna wa Baffa shekarar da su biyu suna samari suka taka da ƙafa har Goronyo bayan kaka, suka ce wa kakanmu ziyara za su, ashe dambe suka nufa. Yana kwaikwayon kalangu da baki. Ya kwatanta yadda wani ƙato ya faɗi, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda take kai mutum ga tari. Ban taɓa jin ta ba. Na shekara talatin da wani abu ban san ubana yana da wannan dariyar ba.

Da ya lafa sai na ji Baffa na cikin kaset yana tambayarsa yaya zai yi da ni, yaron da aka gani wurin dambe.

"Mi zan yi mishi? Gado ya yi. Yau kwana ukku ke nan ban dube shi ba. In na dube shi dariya za ta kubce min, girma ya zube."

Kaset ya ci gaba da juyawa. Na kasa ɗaga kai, hawaye suna ɗiga a kan tebur, na ja kwamfutar gefe kada su taɓa ta. Baffa ya share fuskarsa da bakin rawani, ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Wanga sa shi ƙasa," ya ce, "wurin naka."

Can na sa shi. Na gama akwatin kafin azumi, karatun duka yana sama, babu abin da aka ɗora masa. In na yi kewar mahaifina kuwa, rumbun ƙasa nake buɗewa.